Fansho Haƙƙin Ma'aikaci Ne, Ko Daga Ina Kakansa Ya Zo

Jawabin da kwamitin haƙƙoƙi ya gabatar a taron ƙungiya, unguwar Dogo Tebo, Potiskum



Shugaban taro, iyayenmu malamai da dattawan unguwa, iyayenmu mata, 'yan'uwa magidanta da matasa, muna yi wa kowa barka da zuwa. An ɗora mana nauyin yin bayani a kan fanshon ma'aikatan gwamnati, wato yadda ake tara shi, da yadda ake biyan sa, da kuma inda yake maƙalewa.

Wani zai ce me ya haɗa mu da wannan magana, alhali yawancinmu 'yan kasuwa ne, ko masu harkar shanu, ko direbobin manyan motoci. To, ku duba gidajenmu. Da wuya a ƙirga gida biyar a jere a nan Dogo Tebo ba a samu malamin firamare ba, ko ma'aikaciyar asibiti, ko masinja, ko direban ofis, ko ɗan sanda, ko mai aiki a Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Idan fanshon tsoho ɗaya ya tsaya, ba shi kaɗai yake ji a jikinsa ba, tukunyar gida guda ce take sauka daga murhu. Ban da haka, akwai wata fahimta da ta daɗe a cikinmu, cewa wai fansho alfarma ce da ake yi wa ɗan asalin gari, wanda kakansa ya zo daga Kano ko Katsina ko Haɗeja kuwa, in an ba shi ya gode, in an hana shi ya yi haƙuri. Wannan fahimta ba ta da tushe a doka, kuma ta sa mutane da yawa sun bar haƙƙinsu saboda kunya.

Tsarin mulkin 1999 ya yi magana a kan fansho a wuri biyu: sashe na 173 game da ma'aikatan tarayya, sashe na 210 game da ma'aikatan jiha. Abin da suka ƙunsa iri ɗaya ne. Ba a riƙe wa ma'aikaci fansho ko garatutinsa, ba a kuma sauya shi ta yadda zai cutu, sai iyakar abin da doka ta yarda. Za a riƙa sake duba fansho duk bayan shekara 5, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. Kuma ba a cire haraji daga fansho. A cikin waɗannan sassa biyu babu inda aka ambaci asalin mutum ko ƙabilarsa. Abin da aka ambata shi ne aikin da ya yi. Sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa.

Sai dai ya kamata mu faɗi gaskiya gaba ɗayanta. Shi wannan tsarin mulki ya tanadi rabon muƙamai tsakanin jihohi, kuma a sashe na 318 ya danganta zama ɗan jiha ga iyaye ko kakanni. Daga nan takardar shaidar asali, wadda muke kira indijin, ta samu ƙarfi. Saboda haka inda ake tsayar da mu shi ne ƙofar shiga aiki. Wanda ya riga ya shiga a matsayin ma'aikaci na dindindin, ba mai ikon tambayarsa takardar asali ranar da zai karɓi haƙƙinsa na ritaya. Za mu dawo kan wannan ƙofa, domin a nan ne babbar matsalarmu take.

Kafin nan, kowane ma'aikaci ya san a wane tsari yake, don tsarin ba ɗaya ba ne.

Tsohon tsari shi ne wanda iyayenmu suka sani. Ya samo asali tun zamanin Turawa, da dokar fansho ta 1951, aka sabunta shi da dokar soja mai lamba 102 ta 1979. A wannan tsari ba a cire wa ma'aikaci ko sisi. Gwamnati ce take alkawari, ta kuma biya daga baitulmali idan lokaci ya yi. Ana yin ritaya idan mutum ya kai shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya yi shekara 5 yana da garatuti kawai, wato kuɗin sallama da ake bayarwa sau ɗaya. Wanda ya cika shekara 10 yana da garatuti daidai da albashinsa na shekara guda, da fansho kashi 30 cikin 100 na albashin. Daga nan kowace shekara tana ƙara kashi 8 a garatuti, kashi 2 a fansho, har a shekara ta 35 garatuti ya kai ninki uku na albashin shekara, fansho ya kai kashi 80 cikin 100. Alal misali, wanda ya bar aiki da albashin da ake lissafi da shi Naira 100,000 a wata bayan shekara 35, garatutinsa Naira miliyan 3 da dubu 600 ne, fanshonsa Naira 80,000 duk wata har ƙarshen rayuwarsa.

A takarda, babu tsarin da ya fi wannan daɗi. Illarsa ita ce babu wani kuɗi da aka ajiye a gefe da sunan kowa. Fanshon tsoho yana layi ɗaya da kwangilar titi da sayen motocin ofis, kuma kun san wanda ake fara sallama. Shi ya sa a shekarun baya aka riƙa ganin tsofaffi suna kwana a bakin ofisoshi a Abuja da manyan biranen jihohi, wasu suna faɗuwa a layin tantancewa. Kuɗin da ba shi da mai gadi kuma ɓarayi yake kira. A 2021 kotu ta yanke wa Abdulrasheed Maina, wanda aka naɗa don ya gyara harkar fansho, ɗaurin shekara 8 a kan halatta kuɗin haram da suka kai kimanin Naira biliyan 2.

Sabon tsari ya zo da dokar 2004 a zamanin Obasanjo, aka sake ta a 2014 a zamanin Jonathan. Wannan tsari na karo-karo ne. Da farko ma'aikaci yana ba da kashi 7 da rabi, gwamnati kashi 7 da rabi. Dokar 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki, ana lissafawa a kan ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. A misalinmu na ɗazu, Naira 8,000 daga aljihunsa, Naira 10,000 daga gwamnati, wato Naira 18,000 duk wata, suna shiga wani asusu mai sunansa da lambarsa shi kaɗai. Kamfanin kula da fansho da shi ma'aikacin ya zaɓa shi ne yake juya kuɗin, galibi ta hanyar sayen takardun bashin gwamnati da hannun jari. Amma kuɗin ba a hannun kamfanin suke ba, suna hannun wani kamfani dabam mai ajiya. An raba mai juyawa da mai ajiya ne da gangan, don kada kura ta zama ita ce mai kiwo. A sama da su duka akwai hukumar PenCom mai sa ido.

Ga mu da ƙaura ba baƙuwarmu ba ce, wannan tsari yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Asusun yana bin mutum ne, ba ofis ba. Ko an mayar da kai Damaturu, ko ka bar aikin tarayya ka koma kamfani a Kano, lambarka ba ta canjawa, kuma babu shugaban ƙaramar hukumar da zai sa hannu kafin a ba ka kuɗinka. Tun daga Nuwamba 2020 ma an ba mutum dama ya sauya kamfani sau ɗaya a shekara idan bai gamsu da nasa ba. Masu damuwa da maganar ruwa, kuma damuwa ce mai tushe, su sani tun 2021 akwai asusu na shida, wanda ake juya kuɗinsa ba tare da ruwa ba, ta hanyar sukuk da makamantansa. Ba a saka mutum a ciki sai ya rubuta ya nema.

Ba a taɓa kuɗin sai mutum ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50. A lokacin ana ba shi wani kaso a dunƙule, saura kuma ya zaɓi ɗaya daga hanya biyu: ko kamfanin fanshon ya riƙa biyansa wata-wata daga asusunsa, ko ya miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya riƙa biyansa har ya rasu. Bambancin yana da muhimmanci ga magada. A hanya ta farko, duk abin da ya rage a asusu bayan rasuwa gado ne. A hanya ta biyu, an lamunce shekara 10 ne kawai, idan mutum ya rasu bayan nan magada ba su da abin karɓa, amma shi kuma yana da tabbacin biya ko da ya shekara ɗari. Kada kowa ya sa hannu a wannan takarda a tsaye a bakin kanta. Ya kai ta gida, ya kwana da ita, ya yi shawara. Wanda kuma ya rasa aiki kafin shekara 50, ya yi wata 4 bai samu wani ba, doka ta ba shi damar cire kashi 25 cikin 100.

Shi ma wannan tsari ba ya rasa ciwo. Na farko, abin da ake samu a wata sau da yawa bai kai na tsohon tsari ba, musamman ga ƙananan ma'aikata, kuma tsadar rayuwa tun bayan cire tallafin fetur a 2023 ta cinye darajarsa. An fitar da sojoji daga tsarin tun 2011, tsofaffin 'yan sanda kuwa a 2025 har zanga-zanga suka yi a Abuja suna neman a fitar da su. Na biyu, waɗanda suka fara aiki kafin 2004 suna bin gwamnati haƙƙin shekarun baya, kuma ba a sallamar su sai gwamnati ta zuba wannan kuɗi a asusunsu, abin da ya sa wasu suka shafe fiye da shekara guda ba albashi ba fansho. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da karɓo bashin Naira biliyan 758 don biyan irin waɗannan basussuka. Na uku, akwai ma'aikatun da ke cire kuɗi a takardar albashi amma ba su zuba ba, alhali doka ta ba su kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, da tara ta aƙalla kashi 2 cikin 100 duk wata a kan wanda ya saɓa. Maganin wannan yana hannunku: ku riƙa karɓar bayanin asusu duk wata uku, ku gwada shi da takardar albashi. Wata guda da ya ɓace an fi saurin gano shi a bana fiye da bayan shekara 20.

To, wa ke cikin wanne? Ma'aikatan tarayya na yanzu, kamar na Kwalejin Ilimi da na Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke nan garin, suna sabon tsari. Tsofaffin tarayya da suka yi ritaya zuwa tsakiyar 2007 suna tsohon tsari, hukumar PTAD da aka kafa a 2013 ita ke biyansu, kuma tun 2023 ana iya tabbatar mata da cewa mutum yana raye ta wayar hannu, ba sai an ɗauki tsoho an kai shi layi ba. Ita ce kuma ke biyan kason tarayya ga wasu tsofaffin jiha da suka kama aiki kafin ƙirƙiro jihohi na 1976, don haka wanda mahaifinsa ya fara aiki tun zamanin Jihar Arewa maso Gabas ya bincika. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa dokar jiharsu ce take hukunci a kansu, dokar tarayya ba ta hawa kansu kai tsaye. Tsofaffinmu da suka yi wa Yobe aiki tun bayan raba ta da Borno a ranar 27 ga Agusta 1991, a tsohon tsari aka sallame su, kuma fayilolinsu a Damaturu suke. Jigawa ta kafa nata asusun karo-karo tun 2001, Kano a 2006, inda ake cire kashi 8 gwamnati ta ƙara kashi 17. Labarin Kano abin lura ne ga masu 'yan'uwa a can. An zuba kuɗin asusun a gina rukunin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, wasu ma'aikatu suka daina zuba nasu kason, bashin garatuti ya taru ya kai biliyoyin Naira, sai a ƙarshen 2023 aka fara rage shi kashi-kashi. Kafa asusu abu ɗaya ne, hana hannu shiga cikinsa wani abu ne dabam.

Yanzu mu koma ƙofar da muka ce za mu dawo kanta.

Abu na farko shi ne takardar ɗaukar aiki. Akwai aikin dindindin mai fansho, akwai na kwantiragi, akwai na wucin gadi. A tsohon tsari mai kwantiragi ba shi da fansho ko da ya shekara 30 yana sabuntawa. An daɗe a jihohi da dama ana ɗaukar wanda ba ɗan asalin jiha ba a kwantiragi, musamman malamai da ma'aikatan lafiya, kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan irin wannan bambanci a 2006. A 2011 gwamnatin Abiya ma korar ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba ta yi, ta ce su koma jihohinsu, kuma mafi yawansu 'yan'uwansu Ibo ne daga maƙwabtan jihohi. Wannan ya nuna muku cewa ciwon ba na Bahaushe kaɗai ba ne, ba kuma na Potiskum ba ne. Maƙwabtanmu Ngizim da Karai-Karai da Bolawa, idan aiki ya kai su wata jiha, su ma baƙi ake kiransu. Abin da muke roƙo shi ne, duk mai aiki a gidanku ya ciro takardarsa a daren nan ya karanta. Idan kwantiragi ce, ya fara neman a mayar da ita ta dindindin tun yana da ƙarfi. Idan ta dindindin ce, ya duba ko yana da takardar tabbatarwa da ake bayarwa bayan shekara 2 na gwaji.

Abu na biyu ya fi ɗaci, amma a cikin gida muke. Saboda wahalar samun indijin, wasu yaranmu suna karɓo takarda daga ƙaramar hukumar da ba su taɓa takawa ba, wani lokaci da sunan wani kawu, wani lokaci da rage shekaru. Aikin yakan samu. Amma bayan shekara 35, sai a tarar suna a fayil dabam, a katin ɗan ƙasa dabam, a banki dabam. A da akawu yakan duba fuskarka ya ce ai shi ne. Yanzu kwamfuta ce take gwada lambar katin ɗan ƙasa da ta banki da ta fansho, ita kuwa ba ta san fuska ba, ba ta jin magiya. Harafi ɗaya, Muhammad a nan, Mamman a can, ya isa ya tsayar da biya wata da watanni. Ranar haihuwar da aka rubuta a farkon ɗaukar aiki kuma ƙa'idar aikin gwamnati ba ta yarda a canja ta ba. Wanda yake da saɓanin suna ya gyara tun yana ofis, yana da abokan aiki da shugaban da suka san shi. Wanda ya buɗe asusun fansho kafin Yuli 2019 ya je kamfaninsa a sabunta bayanansa da lambar katin ɗan ƙasa. Mu kuma a matsayin ƙungiya, neman takarda ta gaskiya ga yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, ta hanyar mai unguwa da hakimi da ƙaramar hukuma, shi ne aikin da ya kamace mu, ko da zai ɗauki lokaci.

Abu na uku, masu tunanin komawa gida. Mutum ya yi shekara 12 yana koyarwa a nan, ya samu gurbi a Kano ko Katsina, sai ya ajiye aiki ya kama sabo. A tsohon tsari wannan yana iya yanke masa lissafin shekarunsa. Hanyar da ta dace ita ce canjin wurin aiki a rubuce, ma'aikatar da zai bari ta sake shi, wadda zai koma ta karɓe shi, shekarunsa su bi shi.

Iyayenmu mata, wannan sashe naku ne. Idan ma'aikacin da ke sabon tsari ya rasu a bakin aiki, abu biyu ne haƙƙin iyalinsa: kuɗin da ke asusunsa, da kuɗin inshorar rai da doka ta wajabta wa ma'aikata, wanda bai gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Gidaje da yawa na farkon kawai suka sani. A tsohon tsari kuma akwai kuɗin mamaci, kuma wanda ya rasu kafin ya cika shekara 5 da ritaya, iyalinsa suna da ragowar fanshon waɗannan shekaru. Sunan da mamaci ya rubuta a matsayin makusanci ba ya mayar da mutum magaji shi kaɗai. Shi wanda za a tuntuɓa ne. Kuɗin da ke asusun ba sa fita sai da takardar kotu, sannan a raba su yadda shari'a ta tsara. Mun san yadda abin yake a gidajenmu: maigida ya rubuta sunan ƙaninsa da ke can garinsu tun yana saurayi, ya yi aure a nan, ya haifi 'ya'ya takwas, bai taɓa komawa ya gyara ba. Ranar da ta Allah ta kasance, takarda tana wani gari, marayu suna wani gari. Magidanta, ku gyara wannan suna, ku kuma nuna wa matanku inda takardun suke: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardar albashi ta baya-bayan nan, da lambar asusun fansho. A yi hoton kowacce, a ajiye kwafi a wani gida dabam, don gobara da ruwan sama ba sa sallama.

Idan haƙƙi ya maƙale, a fara da rubutu, ba da baki ba. A rubuta wa ma'aikata ko kamfanin fansho, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Idan shiru ya yi yawa, mai sabon tsari ya kai ƙara PenCom, tsohon tarayya ya kai PTAD. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a mai ofishi a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo. Akwai ƙungiyar 'yan fansho ta ƙasa, kuma muna ba tsofaffinmu shawara su shiga reshenta su riƙa halartar taro, don ba a tambayar asali a can, kuma labarin tantancewa da jerin sunayen biya a can yake fara fitowa. Daga ƙarshe akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'ar fansho. Duk wanda ya ce a ba shi wani kaso don ya tura fayil gaba, a sanar da kwamiti kafin a ba shi komai.

Ga direbobi da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu da suka yi haƙurin saurare har zuwa nan, tun Maris 2019 an buɗe wa masu zaman kansu hanyar buɗe irin wannan asusu, mutum ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako-mako ko wata-wata, wani kaso yana iya cirewa idan buƙata ta taso, saura ya jira tsufa. Mai son bayani a kan wannan, da duk wanda ya zo da takardunsa yana son a duba masa, ya tsaya bayan an tashi, 'yan kwamiti suna nan har magariba.